Marigayi Janar Murtala Ramat Muhammad da Asalin Tsarin Shugaba Mai Cikakken Iko

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. A wannan shafi na tarihin magabata, bana mun zaɓi marigayi Janar Murtala Ramat Muhammad, kuma muna da dalili. A duk lokacin da muka zauna taro a Indabo, aka taɓo maganar hanya ko ruwan sha ko taki, sai mu ji wasu daga cikinmu sun ɗora komai a kan shugaban ƙasa, kamar dai shi ne wuƙa shi ne nama. To wannan kujera da muke ta kira, wani Bakano ne ya aza harsashinta, kuma ya kamata 'ya'yanmu su san yadda aka yi.

An haifi Murtala a birnin Kano ranar 8 ga Nuwamba, 1938. Ya yi karatu a Gidan Makama da Midil ta Kano, wadda ta koma Kwalejin Rumfa, sannan ya wuce Kwalejin Gwamnati ta Zariya, wato Barewa. Ya shiga soja a 1958, aka tura shi Sandhurst a Ingila, ya ƙware a fannin sadarwa, ya kuma je aikin kiyaye zaman lafiya a Kwango.

Yana ƙaramin hafsa ya ga yadda tsarin Jamhuriya ta Farko ya tsage. A wancan zamani iko kashi biyu aka yi shi: Dokta Nnamdi Azikiwe shi ne shugaban ƙasa, amma na girmamawa kawai, Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa shi ne Firayim Minista mai riƙe da gwamnati. Bayan zaɓen Disambar 1964, wanda 'yan adawa suka ƙaurace wa a wurare da dama, Azikiwe ya ƙi kiran Ɓalewa ya kafa gwamnati. Ya nemi sanin ko sojoji za su bi umarninsa tunda sunansa babban kwamandan askarawa, sai shugabannin soja, bisa shawarar masana shari'a, suka nuna masa cewa daga wajen Firayim Minista suke karɓar umarni. Ƙasa ta yi kwanaki tana lilo kafin a sasanta a farkon Janairun 1965. Kawun Murtala, Alhaji Inuwa Wada, minista ne a wannan gwamnati, saboda haka ba daga nesa ya hangi rikicin ba.

Abin da ya biyo baya sananne ne. An kashe Sardauna da Ɓalewa da manyan hafsoshin Arewa a Janairun 1966, Murtala ya zama jigo a juyin mulkin Yulin wannan shekara, sannan a yaƙin basasa ya jagoranci Runduna ta Biyu wadda ta ƙwato yankin Binin a 1967. Ba za mu ɓoye ba, a nan ma akwai tabo a tarihinsa. Sojojin rundunarsa sun kashe fararen hula masu yawa a Asaba a watan Oktoba na 1967, kuma nacewar da ya yi sai ya tsallaka Kogin Kwara ya kama Onica ta jawo asarar sojoji da dama. Mutum ne mai zafin zuciya, wanda idan ya ƙudurta abu ba ya jin a bari. A 1974 Janar Gowon ya naɗa shi kwamishinan sadarwa na tarayya.

Ranar 29 ga Yuli, 1975, Gowon yana taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Kampala, wasu kanar-kanar suka hamɓarar da shi ba tare da zubar da jini ba, suka miƙa wa Murtala ragama. Joe Garba, wanda yana cikinsu, ya ba da labari a littafinsa cewa sun gindaya sharaɗi: Majalisar Ƙoli ta Soja za ta iya soke hukuncin shugaba idan kashi biyu cikin uku na 'yanta suka amince. Murtala ya fusata, ya nuna shi ba zai karɓi mulki da dabaibayi a ƙafa ba, sai da aka sha fama da shi kafin ya yarda. Mun kawo wannan ne domin mai karatu ya riƙe shi, zai ga amfaninsa nan gaba.

Cikin 'yan makonni ya girgiza ƙasa. Ya sauke gwamnoni 12 baki ɗaya, har da namu na Kano, Audu Bako, wanda har gobe manoman rani suke tunawa da shi saboda madatsun ruwa irin na Tiga. Ya soke ƙidayar 1973 mai cike da gardama, ya sa aka shawo kan cunkoson jiragen siminti a tashar Apapa. Sannan ya sallami ma'aikatan gwamnati sama da 10,000, har da Alƙalin Alƙalai na ƙasa, Taslim Elias, wasunsu a rediyo suka ji sunayensu. Talakawa sun yi murna, mu ma iyayenmu sun ba mu labarin yadda ma'aikaci ke sammakon zuwa ofis a lokacin. Amma gaskiya ita ce an haɗa da marasa laifi, ba a ba su damar kare kansu ba, kuma babu kotun da za su kai ƙara. Masana da yawa na ganin tun daga nan ma'aikaci ya daina amincewa da gobensa, ya fara tara abin da zai ci idan an kore shi.

A nan ne abin mamakin yake. Mutumin da ya yi mulki da dokar soja, wanda ya ƙi jinin a taka masa birki, shi ne ranar 1 ga Oktoba, 1975 ya yi alkawarin miƙa mulki ga farar hula a 1979. Ranar 18 ga watan ya ƙaddamar da kwamitin rubuta tsarin mulki ƙarƙashin Cif Rotimi Williams. Mutum 50 aka zaɓa, Cif Awolowo ya ƙi shiga, suka rage 49, cikinsu har da Dokta Yusufu Bala Usman, wanda daga baya shi da Dokta Segun Osoba suka rubuta rahoton marasa rinjaye. A jawabinsa Murtala ya ba su shawarar a bar tsarin Ingila, a koma ga shugaba guda mai cikakken iko, wanda jama'a za su zaɓa da kansu tare da mataimakinsa, a zayyana iyakar ikonsa a rubuce, ministocinsa su fito daga kowane sashe na ƙasa, a kuma bar alƙalai su ci gashin kansu.

Kundin da ya fara aiki a 1979 ya bi wannan tafarki, na 1999 da muke kai ma a kansa aka gina shi. Shugaban ƙasa shi ne kan ƙasa, shi ne kan gwamnati, shi ne babban kwamandan askarawa, ba sauran raba kujera biyu irin ta Azikiwe da Ɓalewa. Sai dai ba zai naɗa minista ba sai Majalisar Dattawa ta amince, kuma dole kowace jiha ta samu. Ba zai taɓa kuɗin gwamnati ba sai majalisa ta zartar da kasafi. Ba zai ƙaddamar da yaƙi ba sai majalisun biyu sun zauna tare sun yarda. Idan ya ƙi sa hannu a doka, kashi biyu cikin uku na kowace majalisa za su iya zartar da ita ko ya so ko ya ƙi, wato dai irin dabaibayin nan da Murtala ya yi wa tutsu a 1975. Wa'adinsa shekara huɗu ne sau biyu, kuma ana iya tsige shi. Makarantar firamare da kasuwa da ƙaramar hanyar karkara kuwa, kundin ya bar su a hannun jiha da ƙaramar hukuma, shi ya sa takardun kokenmu Wudil da Kano ya kamata su fara nufa.

Akwai wata ƙa'ida da ta shafe mu kai tsaye. Don kada wani ya hau da ƙuri'ar ƙabilarsa kaɗai, aka ce sai ɗan takara ya samu kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi. A zaɓen Agustan 1979 jihohi 19 ne, Alhaji Shehu Shagari ya cika sharaɗin a 12, ta sha ukun ita ce Kano, inda jama'a suka bi Malam Aminu Kano da PRP, Shagari ya tashi da ƙasa kaɗan da kashi 20 cikin ɗari. Lauyan NPN, Richard Akinjide, ya kafa hujjar cewa kashi biyu cikin uku na 19 shi ne 12 da biyu bisa uku, don haka a Kano kashi ɗaya cikin shida ya wadatar. Awolowo ya kai ƙara, Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Shagari ranar 26 ga Satumba. Ƙuri'un da iyayenmu suka jefa a ƙasar Wudil suna cikin lissafin da alƙalan suka yi.

Murtala bai ga ko ɗaya daga cikin wannan ba. A Janairun 1976 ya tsaya a Addis Ababa ya goyi bayan MPLA ta Angola duk da matsin lambar Amurka. Ranar 3 ga Fabrairu ya mayar da jihohi 19, ya kuma sanar da cewa za a ɗauke babban birni daga Ikko zuwa Abuja. Kwana goma bayan haka, ranar Juma'a 13 ga Fabrairu, 1976, yana kan hanyar ofis a Ikoyi ba tare da jerin gwanon masu tsaro ba, 'yan juyin mulkin Laftanar Kanar Buka Suka Dimka suka buɗe wa motarsa wuta a cikin cunkoso. Ya rasu tare da dogarinsa, Laftanar Akintunde Akinsehinwa, yana da shekara 37, bayan kwana kusan 200 a kan mulki. An kawo gawarsa Kano aka yi masa sutura. Janar Obasanjo da Shehu Musa 'Yar'aduwa suka cika alkawarin da ya ɗauka ranar 1 ga Oktoba, 1979. Hotonsa yana kan takardar naira 20, babban asibitin cikin birni da ake kai marasa lafiyarmu idan abin ya fi ƙarfin Wudil ma sunansa yake ɗauke da shi. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa kurakuransa, amin.