Gamji Kafin Ya Zama Gamji: Ƙuruciyar Sardauna Ahmadu Bello

Kullum muna riƙe hotonsa a jikin takardar naira 200, amma tambayi matashi ɗaya cikinmu yadda Sardauna ya taso, sai ka ji ya ce ai ɗan sarauta ne, komai a shimfiɗe ya tarar. To, ba haka lamarin yake ba.

An haifi Ahmadu Bello a garin Rabah da ke gabas da Sakkwato a shekarar 1910. A lokacin, mu nan Birnin Kebbi da Argungu duk lardi ɗaya muke da su, wato Lardin Sakkwato. Mahaifinsa Ibrahim shi ne hakimin Rabah, ɗa ne ga Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Rabah, ɗan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Asali kam ba a magana. Sai dai mahaifiyarsa Mariyamu sa-ɗaka ce a gidan, kuma yana ɗan shekara shida mahaifinsa ya rasu. Maraya ya tashi a gida mai 'ya'ya da yawa.

Da allo ya fara, kamar kowane yaro a garin. Daga nan aka kai shi makarantar boko ta lardi a Sakkwato, a zamanin da iyaye da dama ke ɓoye 'ya'yansu don kada a kai su. A 1926 ya wuce Kwalejin Katsina, tafiyar da ake yi da ƙafa, a kwana a hanya. Can ya zauna da irin su Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya kuma yi suna a wasan fayis. Ya kammala a 1931, ya dawo Sakkwato yana koyarwa a makarantar Midil.

A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya naɗa shi Sarkin Rabah, kujerar mahaifinsa, yana da shekara 24 kacal. Da Sarkin ya rasu a 1938, Ahmadu ya nemi gadon sarautar, amma Allah bai nufa ba, aka naɗa ɗan'uwansa Abubakar na Uku. Shi kuma aka ba shi sarautar Sardauna, aka tura shi Gusau. Ba a nan wahalar ta tsaya ba: a 1943 aka zarge shi da cin kuɗin jangali, kotun Sarkin Musulmi ta yanke masa ɗauri. Ya ɗaukaka ƙara zuwa Zariya, aka wanke shi tas.

Ka ga ke nan, kafin ya cika shekara 35 ya ɗanɗani maraici, ya rasa kujerar da ya fi so, ya tsaya gaban alƙali. Abin da ya tsaya masa daga baya shi ne karatun nan da ya taka da ƙafa ya nemo. Da shi ya shiga majalisa, ya zama Firimiyan Arewa a 1954, ya kafa jami'ar Zariya a 1962, har zuwa daren 15 ga Janairu, 1966 da sojoji suka kashe shi a Kaduna.

'Yan'uwa matasa, mai taƙama da gidansu da mai kukan ba shi da kowa, duk su duba nan. Jikan Shehu ma sai da ya zauna a aji.