Roy Campanella, gwanin besbol da ya yi shekara 35 bisa keken guragu

Yau labarin wani ɗan wasa na Amurka munka kawo muku. Sunanshi Roy Campanella, ya rasu tun 1993. Wasan da ya yi, besbol, ba a yin shi nan wajenmu. Amma abin da ya same shi, duk wanda ya taɓa zama bakin filin kokowa ko ya hau kabu-kabu ya san irinshi: mutum yana ci da ƙarfin jikinshi, dare ɗaya jikin ya ƙi.

Bari mu fara da wasan kanshi, don a gane wahalar da ke ciki. Kowane ɓangare mutum 9 ne. Ɗaya yana jifa da ƴar ƙwallo mai tauri kamar dutse, wadda ba ta wuce cikin tafin hannu ba, ɗaya daga abokan hamayya yana tsaye da sanda yana jiran ya make ta. Tsakaninsu mita 18 da ɗan wani abu, kuma gudun ƙwallon yakan kai kilomita 150 a awa. Bayan mai sandar akwai wani a tsugune, da garkuwa a fuska da ƙirji, shi ne mai cafewa. Shi ka gaya wa mai jifa da alamar yatsu irin jifar da zai yi, shi ka tare duk ƙwallon da ta wuce, shi ne kuma wanda ake bankewa in abokin hamayya ya sheƙo a guje zai ci maki. Ƙwallo ta goga sanda ta kauce, a yatsunshi take sauka. A wancan zamani wasa 154 ake yi a shekara, kusan kullum ke nan daga Afrilu zuwa Satumba. Wannan tsuguno shi ne sana'ar Campanella har shekara 20.

An haife shi ran 19 ga Nuwamba 1921 a birnin Filadelfiya. Ubanshi John ɗan baƙi ne ƴan Italiya, mai sayar da kayan lambu. Uwarshi Ida baƙar fata ce. A Amurka ta lokacin, wanda ke da jinin baƙi baƙi ne, ko da ubanshi Bature ne, kuma manyan ƙungiyoyin besbol ba su ɗaukar baƙi. Baƙaƙe nasu ƙungiyoyi gare su daban, da tasu gasa. A 1937, yana ɗan shekara 15, wata daga cikinsu mai suna Elite Giants ta ɗauke shi, da ya cika 16 ya bar makarantar boko ya bi su gaba ɗaya. Can ya faɗa hannun Biz Mackey, wani tsohon gwanin cafewa, shi ya koya mashi aikin. Rayuwa ce ta cikin mota: a yi wasa nan, a kwana bisa hanya, gobe a yi wani, wata rana biyu. In sanyi ya shigo anka rufe wasa a Amurka, sai ya gangara kudu neman kuɗi, kamar yadda namu ke tahiya cin rani. A 1942 da 1943 ma a Meksiko ya yi wasa, garin Monterrey.

Akwai wani kuskure da ya yi a watan Oktoba 1945, wanda ake yawan ba da labarinshi. Branch Rickey, shugaban ƙungiyar Dodgers ta Brooklyn a New York, ya kira shi ofis ya yi mashi tayin aiki. Campanella ya ɗauka wata sabuwar ƙungiyar baƙaƙe ce ake son kafawa, wadda ake ta raɗe-raɗinta lokacin, sai ya ƙi. Bayan ƴan kwanaki Jackie Robinson ya shaida mashi shi ya sa hannu, kuma Dodgers ɗin ce ta gaske. Nan Campanella ya gane abin da ya bari ya wuce. Bai yi girman kai ba, ya koma. A 1946 anka tura shi wata ƙaramar ƙungiya ta Dodgers a garin Nashua, shi da Don Newcombe, a kan dalar Amurka 185 a wata, ƙasa ƙwarai da abin da yake samu wajen baƙaƙe. Ya yarda da ragin don ƙofar da yake hange. A Nashua ɗin ne wata rana alƙalin wasa ya kori mai horarwa Walter Alston daga fili, Campanella ya karɓi jagorancin ƴan wasan, kusan dukansu Turawa, kuma sunka ci wasan.

Robinson ya shiga babbar gasa ran 15 ga Afrilu 1947. Campanella ya yi wannan shekara a Montreal ta Kanada, ya shigo ran 20 ga Afrilu 1948. Shekarunshi 26, amma ya riga ya yi fiye da 10 yana tsuguno. Ku riƙe wannan lissafi, za mu komo kanshi.

Halin mutanen biyu ya bambanta. Robinson ba ya haɗiye wulaƙanci, in an yi sai ya faɗa. Campanella mai raha ne, mai lallaɓa al'amari, yana ganin wasan da yake yi ya isa amsa. Wannan ya jawo tsamin dangantaka tsakaninsu na shekaru. Mu dai a ganinmu gida guda yana buƙatar iri biyun, mai faɗa da mai sanyi, kuma ba a yi wa Campanella adalci ba in an kira sanyinshi tsoro.

A fili kam babu gardama. Gajere ne kakkaura, amma in abokin hamayya ya yi yunƙurin satar gudu daga tasha zuwa tasha, cikin 100 Campanella yakan kama 57 da jifarshi. Sau 3 anka zaɓe shi ɗan wasan da ya fi kowa a gasarsu, 1951 da 1953 da 1955. A 1953 sau 41 ya make ƙwallo ta tsallake shinge, wanda shi ne babban bugu a wannan wasa, kuma bugunshi ya kawo maki 142. Sau 5 ya kai wasan ƙarshe na ƙasa tare da Dodgers, duka biyar ɗin da maƙwabtansu Yankees, sunka sha kaye 4. Na 1955 kaɗai sunka ci, ran 4 ga Oktoba, kuma shi ne kofi guda tak da Brooklyn ta taɓa ɗauka. Mutanen Maraɗi da sunka ga lokacin da Kantu ya ɗauko takobin farko daga Tawa a 1975 sun san irin wannan murna, ta garin da ɗanshi ya fidda kunya.

To amma jikin ya fara ba da sanarwa tun kafin nan. A farkon 1954, wajen atisaye, ƙashin hannunshi na hagu ya tsage. Anka yi mashi aiki, ya komo fili ba da jimawa ba, jijiya ta taɓu, wasu yatsun sunka daina ji sosai. A 1953 cikin kowace tsayawa 100 da ya yi da sanda wajen 31 sun ba da amfani. A 1954 sai 21. Ya farfaɗo a 1955, ya sake faɗuwa a 1956 da 1957, hannuwan duka sun sha duka. Me ya hana shi hutawa? Kwangila ta shekara guda ce, albashin baɗi ya dogara da wasan bana, ga samari a baya suna jiran wurin. Ɗan kokowar da ke ɗaure gwiwa da tsumma ya shiga fili don kar a ce ya tsufa, lissafinsu ɗaya. Shekaru 10 na farko kuwa, waɗanda jiki ke da sabon ƙarfi, ya ƙare su inda ba a biya da kyau saboda launin fata. Tsarin fansho na ƴan wasan babbar gasa an kafa shi a 1947, kuma a wancan zamani shekarun da mutum ya yi a ƙungiyoyin baƙaƙe ba su shiga ƙidaya.

Ya dai yi dabara guda. Tun yana kan ganiya ya buɗe shago a unguwar Harlem, inda ƴan uwanmu da yawa ke zaune yau. Na sayar da barasa ne, ba mu ɓoye ba. Daga wannan shago ya tashi a daren da abin ya faru.

Ran 28 ga Janairu 1958, wajen ƙarfe 3 da rabi na dare, yana komawa gida Glen Cove cikin motar haya da ya karɓo yana tuƙi da kanshi. Lokacin sanyi ne, ƙanƙara ta kwanta bisa kwalta. Saura kaɗan ya isa gida ya shiga wata kwana, motar ta zame, ta bugi turken wayar tarho, ta kife. Ba wani gudu yake ba, wajen kilomita 50 a awa. Ƙashin wuyanshi ya karye a gaɓa ta 5 da ta 6, laka ta matsu. Likitoci sun yi fiye da awa 4 suna aiki. Ya rayu, amma daga kafaɗa zuwa ƙasa jikin ya mutu. Shekarunshi 36. Dodgers na shirin ƙaura zuwa Los Angeles a wannan shekara, bai taɓa yi masu wasa ko ɗaya a can ba.

A nan bari mu ɗan tsaya, don maganar ta shafe mu. Laka ita ce igiyar da ke cikin ƙashin baya, ita ka kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa hannu da ƙafa. In ƙashin wuya ya karye, wani lokaci lakar ba ta gama lalacewa ba, sai wajen ɗauka a ƙarasa ta. Abin da muke gani a hanyar Tibiri ko ta Jiratawa in kabu-kabu ya faɗi, ko a fili in an kada mutum da ka, shi ne jama'a su rugo da kyakkyawar niyya, wannan ya ja hannu, wancan ya ɗaga kai, a zaunar da shi, a ba shi ruwa, a naɗe shi a bayan babur. Wanda ya ce wuyanshi na ciwo, ko ba ya jin ƙafafunshi, ko yatsunshi na tsira kamar allura, a bar shi kwance yadda yake in ba wuta ko mota ke barazana ba. Mutum ɗaya ya riƙe kan da hannu biyu kar ya motsa, a kira masu ceto. In dole sai an ɗauka, a sa shi bisa allo ko ƙyauren ƙofa, kai da wuya da baya a miƙe lokaci guda. Wuya ba na mai ɗori ba ne, na likita ne.

Campanella ya yi wata 3 a asibitin Glen Cove, ciwon huhu ya kusa tahiya da shi, sannan anka maida shi cibiyar likita Howard Rusk a New York, inda ake koya wa waɗanda sunka naƙasa sabuwar rayuwa. Da motsa jiki na watanni ya samu hannuwa sunka ɗan dawo, har yana iya kai abinci baki da wani abin ɗauri a wuyan hannu. Yatsun da sunka cafe dubban ƙwallaye ba su sake damƙar komi ba. Ƙafa kuwa shi ke nan. Sai ƙarshen 1958 ya koma gida.

Ran 7 ga Mayu 1959 Dodgers da Yankees sunka yi wasan sada zumunta a Los Angeles don a taimaka mashi da kuɗin magani. Mutum 93,103 sunka shiga, taron da besbol bai sake ganin wanda ya fi shi ba sai 2008. Tsohon kyaftin ɗinsu Pee Wee Reese ya turo kekenshi tsakiyar fili, anka kashe fitilu, kowa ya ƙyasta ashana. Mutanen garin da bai taɓa yi wa wasa ba ne fa. Abin ya yi kyau. Sai dai dare ɗaya ne, kuma an yi mashi ne don sunanshi Campanella. Takwarorinshi na ƙungiyoyin baƙaƙe da gwiwa ko hannu ya fidda daga wasa babu wanda ya ƙyasta masu ashana, kamar yadda tsohon ɗan kokowar ƙauye da bai taɓa kai wa ga takobi ba yake jinyarshi shi da iyalinshi.

Gida ma bai tsira ba. Aurenshi da Ruthe ya watse a 1960, ita kuma ta rasu a farkon 1963. A 1964 ya auri Roxie Doles, ita ta riƙe shi kusan shekara 30, ɗagawa da kwantarwa da wanka da tahiye-tahiye, har ranar da ya cika. Masu ba da tarihin ƴan wasa sukan wuce sunanta da sauri, alhali duk wanda ya taɓa jinyar wanda ba ya tashi ya san rabin labarin nata ne.

Bai bar fili ba. Duk shekara lokacin atisaye yakan je sansanin Dodgers a Vero Beach ta jihar Fulorida, ya zauna a kekenshi yana koya wa samari masu cafewa, tun daga John Roseboro wanda ya gaje shi har zuwa Mike Scioscia da Mike Piazza. A 1969 anka shigar da shi zauren gwanayen besbol, baƙar fata na biyu bayan Robinson. Ran 4 ga Yuni 1972 Dodgers sunka jingine lambar rigarshi, 39, ba mai sake sa ta. Ranar anka jingine ta Robinson da ta Sandy Koufax, wani mai jifa da ciwon gwiwar hannu ya sa ya aje wasa yana ɗan shekara 30. A 1978 Campanella ya koma Kaliforniya da zama, yana yi wa ƙungiyar aikin hulɗa da jama'a, shi da Roxie kuma sunka kafa gidauniya mai biya wa ɗalibai masu koyon aikin motsa jikin marasa lafiya.

Ciwon zuciya ya ɗauke shi ran 26 ga Yuni 1993 a gidanshi na Woodland Hills, yana da shekara 71. Sai a watan Disamba 2020, shekara 27 bayan rasuwarshi, hukumar besbol ta Amurka ta amince cewa gasar baƙaƙe ta 1920 zuwa 1948 ita ma babbar gasa ce, anka haɗa wasannin da ya yi a Elite Giants cikin lissafinshi.