Rabbi Nahman na Breslov, malamin Yahudawan da ya yi wa'azi da tatsuniya

Duk shekara, a watan Satumba ko farkon Oktoba, garin Uman da ke tsakiyar ƙasar Yukren yakan cika ya batse da baƙi. Yahudawa ne dubun dubata daga Isra'ila da Amurka da Faransa da sauran wurare, suna zuwa su yi bikin sabuwar shekararsu a bakin kabarin mutum guda. Ko yaƙin da ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukren a 2022 bai hana su zuwa ba. Mai kabarin sunansa Nahman, ya rasu tun 1810 yana da shekara 38, bai bar ɗa namiji ba, bai kuma naɗa magaji ba.

An haife shi a watan Afrilun 1772 a Mejibij, wani ƙaramin gari da a lokacin yake ƙarƙashin Polan. Gidan da ya fito ba ƙaramin gida ba ne. Mahaifiyarsa Feiga jika ce ga Baal Shem Tov, mutumin da ya kafa tafarkin da ake kira Hasidanci, wanda ya rasu a wannan gari a 1760. Kafin zuwan Baal Shem Tov, daraja a tsakanin Yahudawan yankin tana hannun waɗanda suka yi zurfi a karatun Attaura da Talmud, babban kundin shari'a da muhawarar malamansu. Shi kuwa sai ya koyar da cewa mai ɗiban ruwa da mai tuƙin amalanke ma suna iya kusantar Ubangiji da addu'a daga zuci, da waƙa, da farin ciki. Manyan malamai ba su ji daɗin wannan ba. A shekarar da aka haifi Nahman ma malaman birnin Vilna suka yi shelar a ƙaurace wa mabiya sabon tafarkin.

Almajiransa sun rubuta cewa tun yana yaro yakan saci jiki da dare ya je kabarin kakan nasa, kuma yakan ba malaminsa kuɗi daga aljihunsa don ya ƙara masa shafi a kan darasin ranar. An yi masa aure yana ɗan shekara 13 da wata yarinya Sashia, kamar yadda aka saba a zamanin, ya koma gidan surukinsa a ƙauye. A can ya saba da daji da bakin ruwa, inda yakan keɓe shi kaɗai. Daga nan ne ya samo abin da daga baya ya zama ginshiƙin koyarwarsa, wato mutum ya ware sa'a guda kowace rana ya yi magana da Mahaliccinsa da harshen da ya sha a nono, ba da Ibrananci na littafin addu'a ba, ya faɗi damuwarsa yadda zai faɗa wa amini. Idan kalma ta ƙi fitowa, to ya roƙi a ba shi kalmar.

A 1798 ya sayar da kayan ɗakinsa ya kama hanyar Ƙasa Mai Tsarki, wadda a lokacin take hannun daular Usmaniyya, shi da almajiri guda. A Santambul ya ɓoye ko shi wane ne, yana yawo ba takalmi yana wasa kamar yaro, ya bar mutane suna zaginsa. Ya sauka Haifa a jajiberin sabuwar shekara, kuma an ce bai daɗe da taka ƙasar ba ya ce buƙatarsa ta biya, a koma gida. Abokin tafiyarsa ne ya lallashe shi har suka kai Tibariya da Safad.

Mu da muka karanta tarihin Napoleon a aji mun san ya tashi daga Misira ya kewaye birnin Akka a watan Maris na 1799. Abin da littattafanmu ba su faɗa ba shi ne a cikin jama'ar da ke tururuwa bakin teku don tsira akwai wannan saurayi daga Yukren. Cikin ruɗani shi da almajirinsa suka faɗa jirgin yaƙin Turkawa a zaton na fasinja ne. Sun sha yunwa da fargabar za a sayar da su bayi, sai a tsibirin Rodos Yahudawan wurin suka biya kuɗi suka fanshe su.

Da ya dawo gida tsugune ba ta ƙare ba. A 1800 ya tare a Zlatopol, kusa da garin wani dattijon shugaban Hasidawa da ake kira Kakan Shpola, wanda ya haura shekara 70. Dattijon ya ga yaro ya shigo masa gona, rigima ta tashi, har aka riƙa jifan Nahman da zargin bidi'a. Gaskiya shi ma ba mai sauƙin zama ba ne, yakan faɗi matsayin da yake ganin ya kai ba tare da kara ba, har da kawunsa Baruk suka ɓata daga baya. A 1802 ya koma Breslov, garin da sunansa ya bi shi. A nan ya haɗu da Natan, wani saurayi ɗan shekara 22 daga Nemirov, wanda ya zama marubucinsa. Ba don Natan ba da kusan babu abin da zai iso gare mu.

Shekarun 1806 da 1807 su suka karya shi. Ɗansa Shlomo Efrayim, wanda ya ɗora wa buri mai girma, ya rasu yana ɗan shekara guda da ƴan watanni. Shekara ta zagayo matarsa Sashia ta bi shi, tarin fuka ya kashe ta, kuma ba a jima ba ya gane shi ma cutar ta kama shi. Cikin ƴaƴa takwas da suka haifa, huɗu sun mutu suna ƙanana, har da mazan biyu. Wannan ne ya kamata mai karatu ya riƙe idan ya ji ana kiran Nahman malamin farin ciki. Mutum ne da baƙin ciki ke dannewa har ya kasa magana, kuma masanin nan Ba'amurke Arthur Green, da ya rubuta tarihinsa a 1979, a kan wannan azabar zuci ya gina littafin. Da ya hana mabiyansa yanke ƙauna, ba daga kan tudu yake yi wa na cikin rami magana ba.

A kakar 1807, dab da tafiyarsa birnin Lemberg neman magani, ya ba da darasin da ya fi shahara, wanda ya ciro daga ayoyi biyu na Zabura. Ya ce ko mutumin da kowa ya yanke wa hukuncin mugu ne, a bincika za a samu ɗan ɗigon alheri a jikinsa, kuma idan aka dube shi ta wannan ɗigo, ana iya janyo shi ya dawo hanya. Sannan ya juya maganar, wadda a ganina nan ne nauyinta yake: haka mutum zai yi wa kansa. Idan ya duba ayyukansa ya ga duk gurɓatattu ne, ya nemi ɗigo guda mai kyau, ya ƙara neman wani, yana tsinto su kamar yadda makaɗi ke tsinto sauti mai daɗi har waƙa ta haɗu. Sai a lokacin bakinsa zai buɗe ya iya addu'a.

Tun bazarar 1806, bayan mutuwar ɗansa, ya fara wani abu da ba a saba gani ga malami irinsa ba. Ya ga darussa masu zurfi ba sa farkar da mutane, sai ya koma ba da tatsuniya da harshen Yidish, harshen kasuwa da na cikin gida. A ra'ayinsa mutane suna ba da labari don yara su yi barci, shi kuwa don a farka yake bayarwa. Sarakuna ne da gimbiyoyi da ƴan fashin teku, da wuya ka ji sunan Bayahude a ciki. Ta farko labarin sarki ne da ya yi fushi ya furta wa ƴarsa tilo mummunar kalma, gari ya waye babu ita. Waziri ya fita nema shekara da shekaru, sau biyu yana dab da ceto ta barci yana sace shi, da farko saboda ya ci tuffa, na biyu saboda ya sha daga wata ƙorama mai ɗanɗanon giya. Nahman ya ce a ƙarshe ya cece ta, amma bai faɗi ta yaya ba.

Akwai wani gajeren labari da mabiyansa ke jingina masa, ni dai shi ya fi zauna mini. Wani yarima ne ya zautu ya ɗauka shi talotalo ne, ya tuɓe ya shige ƙarƙashin tebur yana tsattsagar ɓarɓashin burodi. Likitoci suka yi iya yinsu suka gaji. Sai wani mai hikima ya zo, bai yi masa gardama ba, shi ma ya tuɓe ya shiga ƙarƙashin teburin ya ce ai shi ma talotalo ne. Da suka saba, ya sa aka miƙo riguna biyu, ya nuna wa yarima cewa sa riga ba ya hana talotalo zama talotalo. Bayan kwanaki aka kawo wando, sannan abincin mutane, har ya kai shi ga zama a kan kujera. Haka ya warke, ba a taɓa ce masa ƙarya yake yi ba.

Ta ƙarshe, kuma mafi tsawon zance a wurin masana, ya fara ta a ƙarshen Maris na 1810. Yara biyu, mace da namiji, sun ɓata a daji, mabarata bakwai suka riƙa wucewa suna ba su burodi: makaho, kurma, mai i'ina, mai karkataccen wuya, mai doro, marar hannuwa da marar ƙafafu. Kowanne ya yi musu addu'ar su zama kamarsa, addu'ar da in an yi maka ita sai ka ce zagi ne. Da yaran suka girma aka aurar da su ga juna, kowace rana cikin kwanaki bakwai na biki mabaraci guda yakan zo ya warware sirrinsa. Makahon ashe yana gani sarai, duniyar ce ba ta kai ya buɗe ido ya dube ta ba. Kurman kuma yana ji, sai dai duk hayaniyar duniya kukan rashi ne, shi kuwa bai rasa komi ba. Nahman ya kai rana ta shida ya tsaya. Labarin marar ƙafafu bai taɓa ba da shi ba.

A watan Mayun wannan shekara gobara ta cinye gidansa a Breslov, ya tattara ya koma Uman. Da gangan ya zaɓi garin. A 1768 ƴan tawayen Haidamak sun yi wa dubban Yahudawa da Polawa kisan gilla a can, kuma ya so a binne shi cikin waɗannan mamata. Abin da ya ɗaure wa almajiransa kai shi ne yadda ya ƙare watanninsa na ƙarshe yana hira da wasan darar Turawa da ƴan bokon garin, waɗanda suka yi watsi da addini. Ya yi bikin sabuwar shekara da ɗaruruwan mabiya yana tarin jini, ya cika ranar 16 ga Oktoba, 1810.

Mabiyansa ba su naɗa kowa a gurbinsa ba, har abokan hamayya suka laƙaba musu sunan Hasidawan mamaci. Natan ne ya riƙe su. Ya fara tara su a kabarin tun 1811, ya buga tatsuniyoyin guda 13 da Ibrananci da Yidish ƴan shekaru bayan rasuwar malaminsa, ya sha tsangwama har da kamu kafin ya rasu a 1844. A 1906 masanin falsafa Martin Buber ya sake ba da wasu daga cikinsu da Jamusanci, suka shiga hannun Turawa.

Zamanin Tarayyar Sobiyet an hana ziyarar, maƙabartar ta lalace a yaƙin duniya na biyu, aka gina gidaje a kanta, kabarin ya koma tsakar gidan wani. Masu ƙarfin hali suka riƙa zuwa a ɓoye har ƙofa ta buɗe a ƙarshen shekarun 1980. Kujerarsa ta katako kuwa gunduwa-gunduwa aka fitar da ita daga ƙasar, aka sake harhaɗa ta a birnin Ƙudus, inda take ajiye a wurin ibadar mabiyansa na unguwar Meya Sheyarim, babu mai zama a kanta.