Samuel Ajayi Crowther

Samuel Ajayi Crowther (an haife shi wajajen shekarar 1809, ya rasu ranar 31 ga watan Disamba, 1891) malamin addinin Kirista ne, mai fassara kuma masanin harsuna, ɗan ƙabilar Yarbawa. Shi ne baƙar fata ɗan Afirka na farko da ya zama bishop a Cocin Angilika. An kama shi bawa tun yana yaro, aka ƴanta shi, daga baya ya jagoranci aikin mishan a bakin Kogin Kwara fiye da shekara talatin. An san shi da tawali'u da haƙuri da gudun yanke wa mutane hukunci ba tare da shaida ba. Wannan halin ne wasu matasan Turawan mishan suka ɗauka a matsayin rauni, suka ƙwace ragamar aiki daga hannunsa a shekarar 1890, shekara guda kafin rasuwarsa.

Farkon rayuwa da bauta

An haifi Ajayi a garin Osogun, cikin jihar Oyo ta yanzu. Wajajen shekarar 1821, lokacin da daular Oyo take wargajewa, mayaƙa suka faɗa wa garin, cikinsu akwai Yarbawa Musulmi da Fulani. Aka kama shi tare da mahaifiyarsa da ƙannensa mata, sannan aka raba su. An sayar da shi hannu zuwa hannu sau da yawa, har akwai lokacin da aka yi musayarsa da doki. A ƙarshe ya faɗa hannun ƴan kasuwar Fotugal a Legas, suka loda shi a jirgin ruwa don tsallakawa da shi teku.

A watan Afrilu na shekarar 1822 jiragen yaƙin Birtaniya masu sintirin hana cinikin bayi suka tare jirgin. Aka sauke bayin da ke ciki a Freetown, ƙasar Saliyo, inda ake tsugunar da ƴantattun bayi.

Karatu da aure

A Saliyo ya shiga hannun ƙungiyar mishan ta Cocin Ingila da ake kira CMS, ya koyi karatu da rubutu cikin ɗan lokaci. An yi masa baftisma ranar 11 ga watan Disamba, 1825, aka ba shi sunan Samuel Crowther, sunan wani limamin coci na birnin Landan. A shekarar 1826 ya yi ƴan watanni yana karatu a Ingila, a 1827 kuma ya zama ɗalibi na farko a makarantar Fourah Bay. Ya auri Asano, wadda ita ma ƴantacciyar baiwa ce, sunanta na baftisma Susan. Cikin ƴaƴansu akwai Dandeson, wanda ya bi sahun mahaifinsa a aikin coci, da Abigail, mahaifiyar ɗan siyasar nan Herbert Macaulay.

Tafiye-tafiyen Kogin Kwara

A shekarar 1841 gwamnatin Birtaniya ta aika ayarin jiragen ruwa su hau Kogin Kwara. CMS ta sa Crowther cikin ayarin tare da James Frederick Schön, Bajamushen da ya duƙufa kan nazarin Hausa har ya buga littafin nahawunta a 1862. Zazzaɓi ya kashe Turawa da yawa a wannan tafiya, abin da ya sa shugabannin CMS suka ga cewa ƴan ƙasa ne za su iya ɗaukar aikin. Aka kira Crowther Ingila, aka naɗa shi limamin coci a shekarar 1843.

A 1846 ya isa Abeokuta tare da Henry Townsend. A nan ya sake haɗuwa da mahaifiyarsa bayan rabuwar kusan shekara 25, aka yi mata baftisma a 1848 da sunan Hannah. A 1851 ya gana da Sarauniya Biktoriya a Ingila kan batun cinikin bayi.

Ya sake hawa kogin a 1854 tare da Dokta William Baikie, suka shiga Binuwai. A wannan karo an riƙa shan maganin kwinin, ba wanda ya mutu. A tafiyar 1857 aka kafa tashar mishan a Anacha, amma jirginsu ya daki dutse ya nutse kusa da Jebba. Crowther ya yi amfani da zaman dole da ya yi a ƙasar Nufe wajen koyon harshen Nufanci.

Aikin harshe

A shekarar 1843 ya buga littafin kalmomin Yarbanci, ya faɗaɗa shi da nahawu a 1852. Ya dage a kan cewa dole a riƙa sa alamar karin sauti a rubutun Yarbanci, domin kalma guda tana iya ɗaukar ma'ana daban-daban gwargwadon hawa da saukar murya. Rubutun Yarbanci na yau yana nan a kan wannan tsari, saɓanin rubutun bokon Hausa da ba a sa wa alamar karin sauti. Ya fitar da littafin koyon karatun Ibo a 1857, da nahawun Nufanci da kalmominsa a 1864. Shi ne jagoran fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Yarbanci, aikin da aka kammala a 1884. Yakan zauna da dattawa da masu addinin gargajiya da malaman Musulunci yana tattara kalmomi da karin magana daga bakinsu.

Zama bishop

Sakataren CMS na lokacin, Henry Venn, yana da ra'ayin cewa cocin Afirka ya kamata ya mulki kansa, ya ɗauki nauyin kansa, ya yaɗa kansa. Shi ya matsa a naɗa Crowther bishop. Crowther ya yi ta nuna ba ya so, yana ganin akwai waɗanda suka fi shi cancanta, Townsend kuma ya fito fili ya ƙi amincewa Bature ya zauna a ƙarƙashin baƙar fata. An naɗa shi ranar 29 ga watan Yuni, 1864 a babban cocin Canterbury, Jami'ar Oxford ta ba shi digirin girmamawa. Sai dai an tsara yankin ikonsa ta yadda Turawan mishan na Legas da Abeokuta ba sa ƙarƙashinsa. Ma'aikatansa a bakin kogi kusan dukkansu ƴan Afirka ne, yawancinsu daga Saliyo. Sun buɗe tashoshi a Bonny da Brass da Lakwaja da Kipo, kusa da Egga.

A 1867 wani basarake mai suna Abokko ya kama shi tare da ɗansa Dandeson kusa da Idah, ya nemi kuɗin fansa. Wani jami'in Birtaniya, William Fell, ya rasa ransa da kibiya wajen kuɓutar da su.

Hulɗarsa da Musulmi

Ko da yake akwai Musulmi cikin waɗanda suka kama shi bawa, Crowther bai ɗauki wannan ya shafa wa duk Musulmi baƙin jini ba. Tun a Saliyo ya lura cewa gardamar addini ba ta jawo komai sai ƙiyayya, don haka ya hori ma'aikatansa su guji zagi da cin mutunci. Ya yi abota da Etsu Masaba na Bida, yana kai masa ziyara, yana kuma ba sarakuna da malamai Littafi Mai Tsarki na Larabci. A 1872 ya bi ta Ilori, inda aka yi masa tambayoyi a fadar sarki kan Annabi Isa. Maimakon jayayya, sai ya riƙa karanta musu wuraren da suka dace daga littafinsa, aka rabu lafiya. Etsu Maliki na Bida ma ya aika masa wasiƙa yana roƙon ya yi wa Sarauniyar Ingila magana a hana shigo da barasa ƙasarsa, domin tana lalata jama'a.

Zarge-zarge

Bayan rasuwar Venn a 1873 abubuwa suka fara sauyawa. Kamfanonin Turawa suna neman mallake cinikin kogi, suna korar ƴan kasuwar Saliyo da Legas, ra'ayin fifita farar fata kuma yana ƙara ƙarfi a Turai. Aka fara kai ƙarar ma'aikatan Crowther a Landan kan shaye-shaye da neman mata da haɗa aikin coci da kasuwanci.

Wasu daga cikin ƙorafe-ƙorafen gaskiya ne. Albashin ma'aikatan kaɗan ne, tashoshin suna nesa da juna, bishop ɗin kuma yana zaune a Legas, sai ya sami jirgi yake zagayawa. Mafi muni shi ne abin da ya faru a Anacha a 1877, inda wasu mutum biyu masu alaƙa da mishan suka yi wa wata yarinya dukan da ya yi ajalinta. An yanke musu hukunci a kotun Freetown bayan ƴan shekaru, labarin ya kai har Ingila. Masu sukar Crowther suka ce sassaucinsa ne ya jawo irin wannan.

Shi kuwa tsarinsa shi ne kada a kori mutum da jita-jita. Yakan nemi shaida, ya ja kunne, ya dakatar, ko ya sauya wa mutum wurin aiki, yana sa ran mai laifi zai tuba. A 1880 CMS ta aika wani Bature, J. B. Wood, ya yi bincike. Rahotonsa ya dogara sosai a kan abin da aka ji a bakin mutane, waɗanda aka zarga kuma ba a ba su damar kare kansu ba. Daga nan aka riƙa rage ikon bishop ana miƙa shi ga sakatarori Turawa.

Taron Anacha na 1890

A 1890 wasu matasa daga Ingila suka iso Lakwaja da niyyar kai bishara ƙasar Hausa. Jagororinsu su ne Graham Wilmot Brooke, mai shekara 25, da John Alfred Robinson. Sun koyi Hausa, suna sa riga da rawani, suna zaman talauci, kuma tarbiyyar addinin da suka taso a ciki tana matsa wa mutum ya kai ga cikakkiyar tsarkaka. Da suka auna Kiristocin da suka tarar da wannan ma'auni, sai suka ce yawancinsu Kiristocin baki ne kawai. Suka hana mutane da dama cin jibin Ubangiji, aka rufe makarantar horar da ma'aikata ta Lakwaja, aka sayar wa kamfanin Royal Niger gininta.

A watan Agusta na wannan shekara kwamitin kuɗi na mishan ya zauna a Anacha, Crowther yana shugabanta. Matasan suka tuhumi ma'aikatansa ɗaya bayan ɗaya a gabansa. Sakataren kwamitin, F. N. Eden, ya dakatar da limaman da bishop ne kaɗai ke da ikon dakatar da su, har da Dandeson. Crowther, wanda ya kai kimanin shekara 80, bai mayar da baƙar magana ba. Ya nuna rashin amincewarsa, ya sauka daga shugabancin kwamitin. Cikin ɗan lokaci aka sallami ko aka sauya wa mafi yawan ma'aikatansa wuri, ciki har da Henry Johnson na Lakwaja da Charles Paul na Kipo.

Rasuwa

Crowther ya kamu da shanyewar ɓarin jiki a 1891, ya rasu a Legas ranar 31 ga watan Disamba. An binne shi a maƙabartar Ajele, daga baya aka mayar da ƙasusuwansa harabar babban cocin Angilika na Legas. Robinson ya riga shi mutuwa a Lakwaja a watan Yuni na 1891, Brooke kuma ya mutu a can a watan Maris na 1892. Babu ɗayansu da ya taka birnin Kano.

Abin da ya biyo baya

Wulaƙancin da aka yi masa ya fusata Kiristocin Legas da Saliyo. A 1891 aka kafa wani coci mai zaman kansa na ƴan Afirka a Legas, a 1892 kuma cocin yankin Neja Delta suka ware a ƙarƙashin Dandeson, suna ɗaukar nauyin kansu. CMS ta naɗa Bature, Joseph Sidney Hill, a gurbin Crowther. Sai a shekarar 1952 aka sake samun ƴan ƙasa da suka riƙe cikakken yankin bishop na Angilika a Najeriya, cikinsu akwai A. B. Akinyele na Ibadan.

Don tunawa da Robinson aka kafa ƙungiyar nazarin Hausa a Ingila, ta aiko ɗan'uwansa Charles Henry Robinson, wanda ya iso Kano a ƙarshen 1894, daga baya ya wallafa ƙamus na Hausa. A 1900 Bishop Herbert Tugwell da Dokta Walter Miller suka zo Kano, Sarki Alu ya ce su fice. Miller ya zauna a Zariya, kuma yana cikin waɗanda suka fassara Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932.

Yadda ake kallonsa

H. H. Dobinson, ɗaya daga cikin matasan da suka zauna a taron Anacha, ya daɗe a yankin har ya san mutanen da ya hukunta. Bayan ƴan shekaru ya fito a bainar jama'a ya amsa cewa sun yi gaggawa, sun kuma yi kuskure. Masana tarihi na Najeriya irin su J. F. Ade Ajayi da E. A. Ayandele sun nuna cewa wariyar launin fata da gasar kasuwanci sun taka rawa a rikicin, duk da cewa akwai gyaran da mishan ɗin yake bukata da gaske.

A wurin Kiristoci, labarin yana tuna koyarwar da ke cikin Matiyu sura 7 kan mai ganin ɗan hakin da ke idon ɗan'uwansa alhali nasa idon da gungume, da misalin Bafarisiye da mai karɓar haraji a Luka sura 18. Crowther kansa yakan danganta kuɓutarsa daga bauta ga alherin Allah, ba ga wata cancanta tasa ba, kuma da wannan idon yake duban masu laifi a ƙarƙashinsa. Ranar 29 ga watan Yuni, 2014, a bikin cika shekara 150 da naɗinsa, Akbishop Justin Welby ya yi wa'azi a babban cocin Canterbury inda ya bayyana nadamar Cocin Ingila kan zaluncin da aka yi masa. Wasu cocin Angilika suna tunawa da shi ranar 31 ga watan Disamba kowace shekara, kuma Jami'ar Ajayi Crowther da ke garin Oyo tana ɗauke da sunansa.