Ansalam na Kantabari, malamin da ya ɗauki zunubi kamar bashi

Yau za mu waiwayi Ansalam, malamin Kirista da aka haifa a Awosta, ƙasar Italiya, wajen shekarar 1033. An naɗa shi babban limamin Kantabari ta Ingila a 1093, kuma sau biyu rigima da sarakunan ƙasar ta sa shi gudun hijira.

A Musulunci, mun sani, ba a gicciye Annabi Isa ba. Su Kiristoci sun yarda an yi, gardamarsu a kan dalili take. Malamansu na farko da yawa sun ce fansa ce aka biya Shaiɗan. Ansalam ya ƙi, don ɓarawo ba shi da hakki a kan kayan sata. Cikin littafin da ya kammala a 1098 ya ce Allah ne mai bin bashin. Mutum ya ci, shi ya kamata ya biya, amma ba shi da hali, Allah kaɗai ke da shi. Ke nan, a ganinsa, mai biya sai wanda yake Allah kuma mutum.

Ya rasu a 1109. Bayansa Abelar, malamin Faransa, ya tambayi dalilin da uba zai nemi jinin ɗansa kafin ya yafe, tambaya mai nauyi a ganinmu. Majalisar coci a garin Sans ta yi tir da koyarwar Abelar.