Sayyidina Abu Huraira: Baƙon Suffa Mai 'Yar Kyanwa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugaba, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Sahabin da duniya ta sani da Abu Huraira, Allah Ya ƙara masa yarda, sunansa mafi shahara a wurin malamai shi ne Abdurrahman ɗan Sakhar, daga ƙabilar Dausu ta wajen Yaman. Ya tashi maraya, yana kiwon tumakin danginsa. A can daji ya shaƙu da wata 'yar kyanwa, wadda mutanen Madawa da Adar ke kira mussa. Da dare sai ya ɗora ta a kan bishiya, gari na wayewa ya ɗauke ta su tafi kiwo. Daga nan alkunyarsa ta samo asali, domin huraira a Larabci 'yar kyanwa ce. A wata ruwayar, ganinsa aka yi ɗauke da ita a hannun rigarsa.

Ya musulunta ta hannun Ɗufailu ɗan Amru, sannan ya baro ƙasarsu ya iso Madina a shekara ta 7 bayan Hijira, lokacin Manzon Allah (SAW) yana Haibara. Ba shi da gona, ba shi da jari, sai ya zauna cikin Ahlus Suffa, faƙiran da suka lazimci masallacin Annabi. Yunwa takan kayar da shi tsakanin mumbari da ɗakin Nana A'isha, har mai wucewa ya zaci taɓin aljanu ne. Duk da haka bai bar ƙofar ba. Shugaba (SAW) kuwa yakan kira shi Aba Hirrin, alkunyar kiwo ta zama kiran soyayya.

Wata rana yunwa ta tsananta, aka kawo wa Annabi ƙwaryar nono guda. Ransa ya so ya sha shi kaɗai, amma aka umurce shi ya kirawo mutanen Suffa ya shayar da su tukuna. Ya bi umurni, kowa ya ƙoshi, shi ma ya sha har ya rasa inda zai zuba. Wannan ita ce tarbiyya: a fifita ɗan'uwa, a bar wa Allah sauran.

Da ya koka da mantuwa, Annabi ya sa ya shimfiɗa mayafinsa, ya yi kamar mai kamfato wani abu da hannuwansa masu albarka ya zuba, ya ce ya rungume shi. Daga ranar bai ƙara mantuwa ba. An ƙidaya masa ruwayoyi 5,374, fiye da kowane sahabi. A cikinsu akwai labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu da yunwa, da na mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare.

Ya yi gwamnan Bahrain a zamanin Sayyidina Umar. A gidansa akan raba dare uku tsakaninsa da matarsa da hadiminsa, kowa ya yi sallah ya tashi na gaba. Ya rasu tsakanin shekara ta 57 da 59 bayan Hijira, aka rufe shi a Baƙi'a.

Ya 'yan'uwa, da yawa cikinmu sun baro Madawa, Buza ko Kaita, wasu neman ilimi, wasu ci-rani. Baƙunta takan busar da zuciya idan aka bar ta ba zikiri. Wanda ya riƙe wuridinsa, ya lazimci zawiya, ya rage wa kyanwar ƙofar ɗakinsa ɗan abin da ya samu, ya bi sawun wannan bawan Allah.

Allah Ya ba mu albarkacinsa, Ya sanya tausayin bayinSa a zukatanmu. Amin.