Ernst Hartert (1859–1933): Masanin Tsuntsayen da Ya Ratsa Ƙasar Hausa

An haifi Ernst Hartert a birnin Hamburg na ƙasar Jamus a shekarar 1859. Tun yana matashi ya duƙufa ga nazarin tsuntsaye, abin da ya kai shi shiga ayarin Robert Flegel wanda ya nufo Neja da Binuwai a 1885. Shi da abokin tafiyarsa Paul Staudinger suka tashi daga Loko, suka bi ta Keffi, Zariya da Kano, har suka isa Sakkwato da Gwandu, ɗauke da kyaututtukan Sarkin Jamus. Burin Jamusawa na samun gindin zama bai cika ba, domin wakilin Turawan Ingila, Joseph Thomson, ya riga su isa ga Sarkin Musulmi Umaru a wannan shekarar. Shi kuwa Hartert, abin da ya ƙaru da shi shi ne tsuntsayen da ya tattara da bayanan da ya rubuta a hanya.

A 1892 Walter Rothschild ya ɗauke shi aiki a gidan adana halittu na Tring a Ingila, inda ya zauna har 1930. A nan ne ya yi gwagwarmayar da ta fito da sunansa. A tsarin Linnaeus, kowane tsuntsu sunaye biyu gare shi a Latin: na dangi da na jinsi. Hartert ya lura cewa jinsi ɗaya yakan sauya launi, girma ko tsawon fiffike daga wannan yanki zuwa wancan, don haka ya dage a kan ƙara suna na uku. Masanan Amurka sun riga shi amfani da wannan tsari wajen rarrabe ƙananan tsuntsayensu masu zaƙin kuka, amma dattawan masana na Ingila suka ƙi shi ƙememe, suna ganin rikita sunaye ne kawai.

Manomin Tsiga ko Malumfashi ba baƙo ba ne ga janbaki mai ɓarnar gero da dawa. A wannan tsari, janbakin Afirka ta Yamma shi ne Quelea quelea quelea, na kudancin Afirka kuwa Quelea quelea lathamii. Jinsi ɗaya ne, mazauni ne ya bambanta su. Babban littafinsa a kan tsuntsayen Turai, arewacin Asiya da arewacin Afirka, wanda ya fito kashi-kashi daga 1903 zuwa 1922, shi ne ya kafa tsarin a Turai, ko da yake binciken ƙwayoyin halitta na yau ya soke wasu rabe-raben da aka yi a zamaninsa.

Alaƙarsa da ƙasar Hausa ba ta yanke ba. Sa'ad da Angus Buchanan ya tashi daga Kano zuwa Damagaram da Azbin a 1920, Hartert ne ya tantance tsuntsayen da ya kawo.

Ƙarshen rayuwarsa bai yi daɗi ba. Ɗansa tilo ya rasu a yaƙin duniya na farko a 1916, yana sojan Ingila, a fagen da ake gwabzawa da ƙasar mahaifinsa. A 1932 matsin kuɗi ya sa Rothschild ya sayar da tarin tsuntsayen Tring, kimanin 280,000, ga gidan tarihin halittu na New York a Amurka. Hartert ya rasu a Berlin a watan Nuwamba na 1933.